Yadda Ake Raɗa wa Kashi na Biyu na Fim ɗin Sadaukai Suna

A bakin layinmu akwai wani shagon tura finafinai da nakan zauna bayan La'asar. A nan na gane cewa sunan da kamfani ya buga a fosta daban, sunan da masu kallo suke kira daban. Yaro zai shigo ya miƙa waya ya ce, “Yaya, a tura min Batman na Joker.” Mai shagon ba ya tambaya, ya san The Dark Knight na 2008 ake nufi. Wani ya ce, “Spider-Man ɗin da suka haɗu su uku,” sai a tura masa No Way Home. Wata rana kuwa wani ya nemi Suicide Squad, aka tura masa, washegari ya dawo yana huci wai ba shi ba ne. Ashe guda biyu ne: na 2016 sunansa Suicide Squad, na 2021 sunansa The Suicide Squad. Ƙaramar kalma ɗaya ce ta raba su, ita ma irin wadda bakin Bahaushe yake tsallakewa. Mai shagon ya sake tura masa kyauta yana ta ƙunƙuni.

Wannan jagora ta marubuci ce da mai shirya fim da mai fassara da mai zanen labari, duk wanda yake da sadauki a hannu, labarinsa na farko ya karɓu, yanzu kuma ana jiran na biyu. Misalan daga Hollywood za su fito, don can ne aka fi yin wannan sana'a, can ne kuma aka fi tafka kurakuranta a bainar jama'a. Abin da za ka riƙe tun daga farko shi ne: fim na farko raɗin suna ne, aikinsa ya gaya mana ko wane ne wannan. Na biyu kuwa kirari ne. Ɗan dambe ba ya samun kirari ranar da ya fara ɗaure hannu, sai ya kayar an kuma kayar da shi. Sunan kashi na biyu dole ya nuna abin da ya sami jarumin bayan mun san shi.

Mataki na farko: ajiye neman suna, rubuta jimla ɗaya

Kafin ka fara jera kalmomi masu daɗin ji, ɗauki takarda ka amsa tambaya ɗaya a jimla ɗaya: me ya canza wa jarumin nan tun rabuwarmu da shi? Ba “sabon mugu ya bayyana” ba, wannan kowane fim ma haka ne. Abin da ake nema shi ne asarar da zai yi ko zaɓin da zai matse shi.

Bari mu ƙirƙiri misali mu tafi da shi har ƙarshe. A ce kana da sadauki mai suna Gaggafa, wani matashi bakanike da ya sami baiwar tashi sama, a fim na farko ya ceci garinsu. A na biyu, faɗan da ya yi ya jawo gobara ta cinye kasuwa, mutanen gari suka juya masa baya. Jimlarka ke nan: garin da ya ceta shi ne ya kore shi. Duk sunan da za ka kawo nan gaba, da wannan jimla za ka auna shi. In ka kasa rubuta jimlar, matsalarka ba ta suna ba ce, labarin ne bai nuna ba, koma ka gyara shi tukuna.

Mataki na biyu: lamba ko wutsiya?

Hanyoyi biyu ne manya. Ko ka sa lamba, ko ka sa ruwa biyu bayan sunan jarumi ka ƙara wasu kalmomi, abin da zan riƙa kira wutsiya.

Lamba ita ce tsohuwar hanya. Superman II ya fito a 1980, Spider-Man 2 a 2004, Iron Man 2 a 2010. Amfaninta a fili yake: ba ruɗani, kowa ya san wanda zai fara kallo. Kuma lamba ba ta hana fim kyau, Spider-Man 2 na Sam Raimi har yau yana cikin waɗanda ake yabawa. Aibinta biyu ne. Na farko, ba ta faɗin komai game da labarin. Na biyu, tana tsufa da sauri. Lamba 2 tana cewa ga ƙari, lamba 4 ko 5 kuwa tana gaya wa sabon mai kallo cewa akwai bashin finafinai uku ko huɗu a kansa kafin ya shiga, sai ya haƙura. Kamfanin Marvel ya bi lamba a jerin Iron Man har zuwa na uku a 2013, amma na biyun Thor da na biyun Captain America wutsiya ya sa musu.

Akwai kuma wata matsalar da lamba take jawowa idan aka sake fara jerin daga tushe da sabon ɗan wasa. Shekara goma bayan Spider-Man 2, sai ga The Amazing Spider-Man 2 a 2014. Yanzu in yaro ya ce “Spider-Man fat tu”, wanne yake nufi?

Mu masu kallon finafinan Indiya mun ga wani abin dariya a nan. Rakesh Roshan ya yi Koi... Mil Gaya a 2003, ya biyo da Krrish a 2006, sai kawai ga Krrish 3 a 2013. A lissafinsa daidai ne, shi ne na uku a jerin. Amma har gobe akwai masu neman Krrish 2, fim ɗin da ba a taɓa yi ba. In sunan jerinka ya canza a hanya, kada ka dawo da lamba daga baya, lissafin da ke kanka ba shi ne a kan mai kallo ba.

In har lamba za ka sa, nemi dabarar da za ta sa ta zama ɓangaren labarin. Jarumin Guardians of the Galaxy yana yawo da kaset ɗin waƙoƙin da mahaifiyarsa ta bar masa, an rubuta Vol. 1 a jiki, a ƙarshen fim ya buɗe kyautar da ta bar masa ya tarar da kaset na biyu. Da aka sa wa fim na 2017 Vol. 2, lambar ta zo da tunawa da uwa a cikinta. Wonder Woman 1984 kuma shekara aka sa a madadin lamba, ta gaya maka zamanin da labarin ya koma.

Wani gargaɗi da ya shafe mu kai tsaye. Zamanin faifan CD mun saba da “1&2” da “3&4”, inda labari ɗaya ake yankawa gida-gida. Wannan ba ci gaba ba ne, rabon kaya ne. Mai kallo da ya ga “kashi na ɗaya” ya san ba zai ga ƙarshe ba yau. Marvel a 2014 ya sanar da Avengers: Infinity War kashi na 1 da kashi na 2, daga baya ya janye, ya bar wa na farko sunan, na biyu ya zama Endgame. Haka aka yi wa Across the Spider-Verse, wanda da farko aka raba shi biyu, sannan aka sauya wa na biyun suna zuwa Beyond the Spider-Verse. Darasin shi ne kowane fim yana son sunan kansa, kamar yadda tagwaye ma ba a kiransu da suna ɗaya.

Mataki na uku: za ka bar sunan jarumin ko za ka cire?

Nan ne wurin da ya fi haɗari, nan ne kuma ake samun sunaye mafi kyau, don haka zan daɗe a kai.

Tun daga Batman na 1989 zuwa Batman Returns da Batman Forever da Batman & Robin har Batman Begins na 2005, sunan jarumin ba ya fita daga fosta. A 2008 Christopher Nolan ya cire shi gaba ɗaya ya ce The Dark Knight, wato barden duhu. Kirari ne tsantsa, kuma ba shi ya ƙirƙira ba, daga littattafan zane ya ɗauko, inda Frank Miller ya ƙara fito da shi a 1986 cikin The Dark Knight Returns. Abin da ya sa sunan ya zauna shi ne labarin ya biya kuɗinsa. A cikin fim ɗin akwai Harvey Dent, lauyan gwamnati da ake yi wa kallon farin barde, fatan gari duka a kansa. Da ya lalace ya mutu, sai Batman ya ɗauki laifin kisan da Dent ya yi ya ɗora wa kansa don kada mutane su yanke ƙauna. Sai a daƙiƙar ƙarshe aka furta kirarin, sannan sunan fim ɗin ya bayyana a allo. Mai kallo ya shiga yana ganin laƙabi ne kawai, ya fito ya gane hukunci ne. Fim ɗin ya tara sama da dala biliyan 1.

Logan na 2017 ta ɗaya gefen ya bi. Maimakon kirari, sai aka tuɓe wa jarumin kirarin aka bar shi da sunansa na mutum. Hugh Jackman ya shekara 17 yana fitowa a matsayin Wolverine, kowa ya san fuskar. Da aka ce Logan kawai, an gaya maka wannan karon tsoho za ka gani, gajiyayye, ba gwarzon da ƙarfe ba ya ci ba.

To amma ka lura, su biyun nan sun cire sunan ne bayan duniya ta haddace shi. Ga abin da yake faruwa in ba haka ba. A watan Fabrairun 2020 aka saki fim ɗin Harley Quinn da wani dogon suna da ya fara da Birds of Prey, sunan jarumar kuwa yana can ƙarshen jimla inda ba mai kaiwa. A ƙarshen makon farko abin da ya samu a Amurka bai wuce kusan dala miliyan 33 ba, ƙasa da yadda aka zata. Cikin 'yan kwanaki gidajen sinima suka koma rubuta Harley Quinn: Birds of Prey a allunansu. An yi gyara, amma bayan an riga an yi asarar makon da ya fi kowane muhimmanci. Captain Marvel na 2019 ya wuce dala biliyan 1, ci gabansa na 2023 aka kira shi The Marvels, ya tsaya a wajen dala miliyan 206. Ba zan ɗora wa suna laifin duka ba, don yajin aikin 'yan wasan Hollywood ya hana su tallata shi, sai ana gobe zai fito aka janye yajin. Amma sunan bai taimaka ba: bai ce ci gaban wancan ba ne, kuma ya yi kama da sunan kamfanin kansa.

Yadda za ka yanke shawara shi ne ka rufe sunan jarumin a fosta da tafin hannu ka nuna wa wanda ba ruwansa da harkar. In ya gane shi daga sutura ko tambari kaɗai, kana da damar cirewa. In ya tsaya yana kallonka, bar sunan a gaba. Gaggafanmu fim ɗaya kawai ya yi, don haka ko da kirarin “Sarkin Sama” ya yi maka daɗi a baki, lokacinsa bai yi ba. Ajiye shi zuwa na uku ko na huɗu.

Mataki na huɗu: daga ina wutsiyar za ta fito?

Rijiyoyi huɗu ake ɗiba.

Ta farko ita ce bos. Yaron shagonmu da ya ce “Batman na Joker” ya nuna maka yadda ƙwaƙwalwar mai kallo take ajiye fim, da mugun take tuna shi. Shi ya sa Captain America: The Winter Soldier na 2014 ya yi kyau. Sunan abokin gaba ne, sojan hunturu, amma ba ka san ko wane ne ba sai ka shiga, ka tarar amininsa ne na yarinta da aka ɗauka ya mutu. Sharaɗin shi ne mugun ya isa ya ɗauki nauyin fosta. In bos ɗinka na wucin gadi ne, kada ka ba shi rabin suna.

Ta biyu wuri ne, ta uku kuma babban abin da zai faru. Civil War na 2016, yaƙin basasa, kalmomi biyu sun gaya maka cewa wannan karon jarumai ne za su daki juna. Ragnarok na 2017 daga tatsuniyoyin mutanen arewacin Turai aka ɗauko shi, ranar halakar duniyar allolinsu, kuma a ƙarshen fim ɗin garin Thor ya rushe da gaske. Ko ba ka san ma'anar kalmar ba, nauyinta a baki ya isa.

Ta huɗu ita ce halin da zuciya take ciki, kuma a ganina ita ta fi zurfi. No Way Home yana nufin ba hanyar komawa gida. A zahiri maganar miyagun da suka faɗo daga wasu duniyoyi ce, amma a ƙarshe Spider-Man da kansa ne ya rasa gida, don duk wanda ya san shi ya manta da shi. Black Panther: Wakanda Forever ya fi wannan nauyi. Fim na farko, na 2018, wanda yawancinmu muke tunawa da fitowar dajin Sambisa a farkonsa, Chadwick Boseman ne ya ɗauke shi. Ya rasu ranar 28 ga Agusta 2020, kamfanin ya ƙi maye gurbinsa da wani. To me za a kira ci gaban fim ɗin da jaruminsa ya rasu? Sai suka ɗauko kirarin yaƙin mutanen Wakanda daga fim na farko suka mayar da shi wutsiya. Kalmomin da a 2018 ihun fagen fama ne, a 2022 suka zama ta'aziyya, suka kuma matsar da nauyin daga kan mutum ɗaya zuwa kan ƙasa.

Ka ga abin da ya haɗa mafi kyawunsu: suna da fuska biyu, ɗaya kafin kallo, ɗaya bayan kallo. Wannan shi za ka farauta.

Akwai kuma busasshiyar rijiya da kowa yake rugawa, ta kalmomin da suke da amo ba su da ciki: dawowa, tashi, duhu, fansa, ƙarshe, alfijir. Thor: The Dark World na 2013, duniyar duhu, za ka iya liƙa wannan wutsiya a bayan sunan kowane jarumi ta zauna. Gwajin ke nan: cire sunan jaruminka ka sa na wani. In wutsiyar ba ta yi ƙorafi ba, ba taka ba ce. “Dawowar Gaggafa” ta faɗi wannan jarrabawa, don kowa ma yana dawowa. Daga jimlarmu ta farko za mu iya fitar da uku: Karyayyen Fiffike, Baƙin Gari, Ba Masauki. Rubuta aƙalla ashirin kafin ka tace, don na farko-farkon da suke zuwa kai yawanci sunayen finafinan da ka taɓa kallo ne suke dawowa da sabuwar riga.

Mataki na biyar: kada ka tona asiri, kada kuma ka yi ƙarya

Infinity War ya fito a Afrilun 2018 ya ƙare da halakar rabin halittu. Marvel ya riƙe sunan na gaba har Disamba, lokacin da aka saki tallan farko, sannan aka ji Endgame. Kalmar ma tana cikin fim ɗin da ya gabata, Doctor Strange ya furta ta, ba wanda ya tabbatar ita ce. Sunan ya ce wasa ya zo ƙarshe, bai ce wa zai mutu ba. Iyakar da za ka tsaya ke nan: faɗi girman abin da ke tafe, ɓoye yadda zai kaya.

Ƙarya kuwa ita ce ka yi alkawarin da fim bai cika ba. Age of Ultron na 2015 ya ce zamanin Ultron, wato mugun fim ɗin, amma zamanin nan bai wuce 'yan kwanaki ba a cikin labarin. X-Men: The Last Stand na 2006 ya ce tsayuwar ƙarshe, aka ci gaba da fitar da finafinan X-Men fiye da shekara goma bayansa. Kalmar “ƙarshe” sau ɗaya ake kashe ta, in ka kashe ta a banza ba za a sake yarda da kai ba. Da wannan ma'auni Karyayyen Fiffike ya fita daga jerinmu: in fiffiken ya karye da gaske ka tona, in bai karye ba ka yi ƙarya.

Mataki na shida: fitar da shi daga takarda ka sa a baki

Suna a baki yake rayuwa, a layin sayen tikiti, a waya, a hira. Faɗe shi da ƙarfi sau goma. Sa shi a jimlar da mutane za su yi da gaske: “Ka kalli kaza?” In ka ji numfashinka ya yanke kafin ka kai ƙarshe, ya yi tsawo, kuma jama'a za su yanke maka shi ba tare da shawararka ba. Batman v Superman: Dawn of Justice ba wanda yake kiran rabinsa na biyu. Joker: Folie à Deux na 2024 wutsiyarsa Faransanci ce, sunan wata larurar taɓin hankali da mutum biyu suke tarayya a ciki. Ma'anar ta dace da labarin, amma mafi yawan masu kallo “Joker 2” suka riƙa cewa don bakinsu bai iya ɗauka ba. Fantastic Four na 2015 kuma an cusa lamba 4 a tsakiyar kalmar a fosta, sai mutane suka riƙa karanta shi yadda aka rubuta suna dariya. Adon da ido yake gani amma harshe ba ya iya furtawa, bar shi.

Ga mai rubutu da Hausa akwai ƙarin tarko biyu, kuma Baƙin Gari ya faɗa duka. Rubutunmu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka mai karatu bai sani ba ko gari ne mai baƙin launi, ko baƙi ne da suka sauka a gari, kai har garin tuwo ma yana iya shigowa. Sannan yawancin mutane ba sa sa ƙugiya in suna rubutu a waya, sai ya koma “bakin gari”, wato gefen gari. Wannan ba fuska biyu ba ce irin wadda muke nema, ruɗani ne. Bambancin shi ne a fuska biyu duka ma'anonin suna yi wa labarin aiki, a ruɗani kuwa ɗaya tana jan ɗaya baya. Rubuta sunanka ba ƙugiya ka gani ko ya tsira, sannan ka buga shi a YouTube da Google ka ga abin da zai fito kafin naka.

Mataki na bakwai: bincika ko sunan yana da mai shi, da inda zai yi tuntuɓe

The Avengers na 2012 a Ingila da Ireland sunansa Avengers Assemble, saboda akwai tsohon shirin talabijin na Ingila mai wancan suna tun shekarun 1960. Captain America: The First Avenger an cire masa rabin farko a Rasha da Yukren da Koriya ta Kudu. Jarumin da ake kira Shazam yau asalin sunansa Captain Marvel, amma Marvel ya yi wa sunan rajista a shekarun 1960, dole kamfanin DC ya riƙa sayar da nasa da wani suna. Captain America na 2025 an fara sanar da shi da New World Order, kalmomin da suka daɗe a bakin masu yaɗa zargin ƙulle-ƙullen mulkin duniya, aka yi ta surutu, a Yunin 2023 ya koma Brave New World.

Kada kuma ka ɗaure suna a jikin abin da ba ya hannunka. An sanar da Avengers: The Kang Dynasty shekaru kafin a fara ɗauka. A Disambar 2023 kotu a New York ta sami Jonathan Majors, mai fitowa a matsayin mugun fim ɗin, Kang, da laifi, kamfanin ya rabu da shi, a Yulin 2024 fim ɗin ya zama Avengers: Doomsday. Sanar da suna da wuri bashi ne.

Masu fassara su ma su kula a nan. Shazam! Fury of the Gods in ka juya shi kai tsaye “Fushin Alloli” zai ba ka, kuma ka san yadda wannan zai sauka a kunnen mutanenmu, balle in aikin zai bi ta gaban Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano. Koma wa jimlar mataki na farko ka raɗa sabo daga labarin, kada ka fassara fosta.

Mataki na takwas: bar wa na uku ƙofa

Wannan gajere ne. Dubi finafinan Spider-Man, Homecoming a 2017, Far From Home a 2019, No Way Home a 2021: kalmar gida ta ratsa ukun, kowane karo tana ƙara nisa. Zare irin wannan yana da kyau in ya zo da kansa. Amma kada ka tilasta, don ranar da labari ya juya wani wajen za ka tsinci kanka kana neman jimlar da za ta ɗauki kalmar ko ta halin ƙaƙa. Abin da ake buƙata kawai shi ne ka tambayi kanka: in na kira wannan haka, me ya rage wa na gaba?

Saura Gaggafa: Ba Masauki. Tsuntsu ne da ba shi da inda zai sauka, mutum ne kuma da garinsu ya hana shi wurin kwana, duka biyun jimlarmu ta farko suke faɗa. Ba ƙugiya a ciki, gajere ne, bai tona ƙarshe ba, in ka sa shi bayan sunan wani jarumin da ba ya tashi sama rabin ma'anarsa ta zube. Na uku kuma yana da inda zai dosa, ko ya sami masaukin ko ya haƙura da shi.

Na rubuta sunaye ukun a bayan wata takardar katin waya na miƙa wa mai shagon nan, ban yi masa bayanin komai ba, na ce wanne zai fi saurin fita. Ya karanta Baƙin Gari ya ce, “Bakin gari kuma? Na 'yan fashi ne?” Ya tsallake Karyayyen Fiffike ya ce wannan ai an gama ba shi labari. Da ya zo na ukun sai ya maimaita shi sau biyu a hankali, ya ce, “To wa ya hana shi sauka?” Kafin in buɗe baki, wani yaro da ke tsaye yana jiran a gama cika masa memori ya matso ya ce, “Yaya, in akwai fassararsa a haɗa min da shi.”